Tabarmar Santi

Can gaba da inda babban kogi ke juye ruwansa cikin teku, inda ruwa ke barin launin ƙasa ya koma shuɗi kamar an tsamo shi daga marina, akwai wasu tsibirai da ba su bayyana ga mai ƙoshi. Kana iya ratsa wurin da jirginka ka ga ruwa fetal gaba da baya. Amma in iska ta ɗauke, yunwa ta kai ka fara ganin abu ɗaya ya zama biyu, sai ka ga sun taso a gabanka kore shar, itatuwan kwakwa suna rausaya, rairayi fari fat kamar garin shinkafa. Mai tsibiran wani aljani ne, Sarki Murjanu. Ba ya duka, ba ya kisa. Abinci yake ba mutum.

Sai dai abincin da sharaɗi. Duk wanda ya zauna a kan tabarmarsa, daɗin loma ya kwashe shi har ya saki baki ya yi santi, ya faɗi maganar da ba ta da kai ba ta da gindi, to ya zama na Sarki. Nan take zai yanka masa kama, wannan kifi, wancan kififiya, ya zuba shi a ruwan da ya kewaye tsibiran, ya zama abin kallo ga baƙin da za su zo daga baya.

A bakin kogin nan akwai wani ƙauyen masunta, Tungar Gishiri. Sarkin jirginsu Barmo, mutum ne mai kwarjini, wanda ko dariya sai ya auna ta kafin ya yi. Yana da jirgi mai suna Shamuwa, mai dogon jigo da ƙaton zanen da iska ke bugawa ta tura shi. Wata shekara ya shiga teku shi da amininsa Jatau. Da Shamuwa ta dawo, Jatau kaɗai ke cikinta, ya rame kamar kara, yana face hanci. Mura ce ta cece shi. Ya ci abincin Sarki bai ji ɗanɗanon komai ba, Sarki ya fusata ya sa aka koro shi.

Matar Barmo, Yaha, ba ta yi kururuwa ba. Kullum in ta gama aikin gida sai ta tafi bakin ruwa ta zauna tana duban inda sama ta haɗu da teku. Haka ta yi ta yi, tana ƙanƙancewa, har ranar da aka ɗauko gawarta daga can a kan tabarma. Suka bar 'ya guda, Tasalla, budurwa doguwa mai kaifin ido, wadda ta sauke karatu tun tana ƙarama, ta kuma koyi ɗaura zanen jirgi a hannun ubanta duk da surutun mutanen gari.

Da aka share makoki, Jatau ya fito da safe ya tarar da ita tana ɗora wa Shamuwa kaya. Cikin kayan har da wani tulu da aka toshe bakinsa da laka.

Ya ce, "Ke Tasalla, ina zuwa da tulu a liƙe? Gara za ki kai?"

Ta ce, "An ciyar da ubana, Kawu. Akushi zan mayar."

Jatau ya zauna daɓas a kan turmi. Ya ce, "Ɗiyata, ki ji tsoron Allah. Maza masu gemu sun je sun koma tarwaɗa. Ke wa kike da shi a bayanki?"

"Kabarin Inna." Ta ja igiya ta ɗaure tamau. "Sake faɗa mini, Kawu. Me Baba ya ce?"

Jatau ya sunkuyar da kai. "Ya daure, wallahi ya daure. Har ya kusa ganin gindin akushi. Sai na ga ya lumshe ido, ya ɗago ya ce, 'Jatau, wai akuyar nan tamu ta haihu kuwa?'" Ya share hawaye da bakin riga. "Ke kin san ubanki ko kaza bai taɓa ajiyewa ba."

Mutanen da ke gyaran taru a gefe suka tuntsire da dariya, kamar yadda suka saba duk lokacin da aka zo wurin nan a labarin. Tasalla ta juyo ta dube su ɗaya bayan ɗaya, har dariyar ta maƙale musu a wuya. Sannan ta tura jirgi, ta buɗe zane, iska ta cika shi.

Bakin kogi ya tarye ta da raƙuman ruwa masu tsawon soro. Shamuwa ta hau ta sauka, ta hau ta sauka, Tasalla na riƙe da itacen tuƙi har tafin hannunta ya saɓule. Ta wuce. Hadari ya taso mata daga kudu ya yage zanen jirgi gida biyu. Da ya lafa, ta kwance mayafinta ta yi masa faci, ta ɗinke da zaren taru. Ta wuce. Sai ta shiga ruwan nan mai shuɗi, a nan iska ta mutu murus, zane ya langaɓe a jikin jigo kamar rigar da aka shanya.

Ɗan guzurinta na ƙuli da dabino ya ƙare. Ruwan sha ya koma ɗan abin jiƙa harshe. Rana ta yi ta fitowa tana faɗuwa, leɓunanta suka tsattsage, idonta ya faɗa. Ga tulu nan a gefen ƙafarta, ta san abin da ke ciki, ƙamshinsa ma yana ɗan ɓullowa ta tsagar laka in rana ta buge shi. Hannunta ya sha kaiwa kansa, ta janye. Ta ce a ranta, wannan ba nawa ba ne, na mai gida ne.

Wata hantsi ta ɗaga kai ta ga jigon jirgi ya zama biyu. Ta murje ido. Sai ga tsibiri a gabanta, kore shar.

Wata mace ta taho a tsaye bisa bayan kififiya mai girman rufin rumbu. Gashinta kamar gansakuka, idanunta ba gira, wuyanta cike da wuri. Ta ce, "Maraba da baƙuwar Sarki Murjanu, mai tsibiran da ba su ganin ƙoshi, gagara-matuƙa, uban kumfa. Ni ce jakadiyarsa. Ya ke 'yar Adam, daga ina, zuwa ina?"

Tasalla ta tattaro ɗan yawun da ya rage mata ta ce, "Daga tudu nake, nan kuma na nufo. A gai da mai gida."

Jakadiya ta ɗan karkata kai. "Nan kika nufo? Kowa ɓatan kai ke kawo shi."

"Ni kaina bai ɓata ba."

Aka ja Shamuwa zuwa gaɓa. Ƙarƙashin inuwar kwakwa aka shimfiɗa wata tabarma saƙar ciyawar teku, mai sheƙi kamar bayan kifi. Jakadiya ta tsaya a kanta ta ce, "Ga sharaɗin tabarma, ki ji da kunnenki. Duk wanda ya ci abinci a kanta ya yi santi, wanda ya ciyar da shi ne zai yanka masa kama."

Tasalla ta ce, "Maimaita, Jakadiya. Yunwa ta toshe mini kunne. Duk wanda?"

"Duk wanda."

"Wa ke shaida?"

"Teku ke shaida, ni kuma bakinta ce. Ba na ƙarawa, ba na ragewa."

Sai Tasalla ta yi bisimilla ta zauna. Aka kawo ruwan kwakwa mai sanyi gauraye da zuma, da wasu 'ya'yan itatuwa masu jan ciki da ke narkewa tun kafin haƙori ya taɓa su. Kurɓin farko ya sauka cikinta kamar ruwan sama a kan busasshiyar gona. Jikinta duk ya saki. Harshenta ya fara motsi da kansa, wata magana a kan launin gajimare ta taso mata har maƙogwaro. Ta kafe idonta a kan rairayi, ta tuna ƙafafun Inna yadda suka bushe a bakin ruwa. Maganar ta koma. Ta cinye tas, ta ce, "Alhamdu lillahi," ta miƙe.

Jakadiya ta naɗe tabarma.

Iska mai daɗi ta taso, irin wadda matuƙi ke mafarki. Shamuwa ta bi bayan kififiya tana yanka ruwa sumul, tsakanin ƙananan tsibirai, wani bai fi gona ba, wani da tsauni da ruwa na zubowa daga kansa. Ruwan garau yake, kana ganin ƙasa kamar ta cikin kwalba. A can ƙasa duwatsun murjani sun yi lambu, ja da rawaya da shunayya. Ƙananan kifaye masu zane kamar atamfa suna shiga suna fita. Wasu faffaɗa kamar faifai suna tafiya da fiffike. Wasu manya masu santsin jiki da dogon baki suka jeru gefen jirgi suna tsalle bibbiyu, kukansu kamar dariyar yara. Can nesa wata dabba mai girman tudu ta taso ta feso ruwa ta tsakar kanta, rana ta ratsa feshin ya yi bakan gizo.

Tasalla ba dutse ba ce. Tun tana yarinya take jin labarin irin waɗannan a bakin ubanta, ga su yau ido da ido. Har ta miƙa hannu za ta shafa bayan ɗaya daga masu tsallen, sai ya juyo ya dube ta. Idon mutum ne. Ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi.

Jakadiya ta ce, "Wannan wani attajiri ne. Ana cikin ci ya tambaya ko sauro na da haƙori."

A tsibiri na gaba Sarki Murjanu da kansa ke jira, zaune a kan kujerar katantanwa. Dogo ne, rigarsa ta kumfa, gemunsa an kitse shi da lu'ulu'u, muryarsa kamar ana ɗura ruwa a tulu. Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, an ce kin ci kin yi shiru. Ko ke ma hancinki a toshe yake, irin na wancan ƙazami?"

Ta durƙusa daidai gwargwado, ba ta kai goshi ƙasa ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, hancina lafiya lau. Zumarka ta ɗan yi yawa, amma ba laifi."

Gemun Sarki ya motsa. Ya ce, "A shimfiɗa."

Aka kawo shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa da wani kayan ƙamshi da ba a shuka shi a ƙasar mutane. Tana cikin ci Sarki ya tafa hannu, ya ce baƙuwa ba ta ci ba kallo. Aka buga ganga. Dabbobin ruwa suka taso gaban gaɓa suna wasa, wannan ya wuntsila, wancan ya kewaya. Daga ƙarshe aka koro wani tsohon ayu, jibgege mai nauyin jiki, aka aza masa ƙwarya a ka. In ganga ta yi sama ya miƙe a kan wutsiya, in ta yi ƙasa ya mirgina ya nuna ciki. Fadawan aljanu suna ta shewa.

A kumatun ayun akwai tsaga, irin ta gidan su Tasalla.

Loma ta tsaya mata a baki. Ayun ya dube ta, ya gane ta, sai ya juya fuska yana neman nutsewa don kunya. Mai ganga ya zabga masa sanda ya taso.

Sarki na murmushi ya ce, "Kin san shi?"

Ta haɗiye lomar, ta bi ta kamar tsakuwa. Wannan karon ba ta sha wahalar riƙe harshe ba, don ko ɗanɗanon shinkafar ba ta ƙara ji ba. Ta cinye, ta suɗe hannu, ta yi hamdala, sannan ta ce, "Na san shi, ranka ya daɗe. Barmo ne, sarkin jirgin Tungar Gishiri. Ni 'yarsa ce. Tun da nake ban taɓa ganin kansa ba hula ba, sai yau a gidanka."

Sarki ya yi dariya har ruwa ya yi tambal-tambal. Ya ce, "Madalla! Ashe gado kika zo ci. Akwai gurbi kusa da shi. Saura zama guda, a fadata. Babu wanda ya taɓa tashi daga wannan da ƙafa biyu, in ban da mai majina."

Fadar tana kan tsibiri mafi girma, ginin farin murjani, ruwa na shiga ta wata ƙofa yana fita ta wata. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar fada, aka ajiye mata ɗan ƙaramin ƙoƙo. Abin da ke ciki fari ne kawai, ba ƙamshi, ba tururi. Ta ɗiba ta kai baki.

Kunun Inna ne. Kunun tsamiya da Inna ke dama mata da safe in za ta makaranta, da ɗan ƙaurin tukunyar nan mai tsaga, da ɗumin hannun da ke miƙo mata. Fada ta ɓace. Ta ga tsakar gidansu, ta ga Inna a bakin murhu tana gyara ɗaurin ƙirji. Bakinta ya buɗe. "Inna, ina kika ajiye mini allona?" Ga maganar nan a kan harshe, ta gama haɗuwa, saura fita.

Tasalla ta datse harshen da haƙora. Ta datsa har ta ji ya fashe. Jini ya cika mata baki, gishirinsa ya rufe tsamiyar. Ta ɗaga ƙoƙo ta shanye da jinin da komai, hawaye na zuba, ba ta ko yi tari ba. Ta kife ƙoƙo a kan tabarma. Da kyar harshen ya juya ta ce, "Alhamdu lillahi."

Jakadiya ta ce, "Ta ci, ba ta yi ba. Teku ta gani."

Sarki Murjanu ya daɗe yana jan gemu. Can ya ce, "Ya ke 'yar Barmo, al'adar gidan nan ce a sallami baƙon da ya tashi lafiya. Roƙi abu guda. Na san abin da za ki roƙa. A kwance mata tsohon ayunta ta tafi da shi."

Ta tofar da jini gefe ta ce, "Ban roƙa ba tukuna, ranka ya daɗe."

"To me kike so? Lu'ulu'u? Tsibiri?"

"A garinmu ba a mayar da akushi wayam. Ka ciyar da ubana, ka ciyar da ni. In na tafi haka, sai a ce 'yar Barmo bara ta zo. Roƙona guda: in girka, ka ci. A kan tabarmar nan."

Fadawa suka dubi juna. Jakadiya ta matso ta ce a hankali, "Ranka ya daɗe, sharaɗin tabarma bai ware kowa ba."

Tasalla ta ce, "In Sarki na tsoro, a bar shi. Sai in je in faɗa a tudu cewa mai tabarma ba ya iya zama a kan tabarmarsa."

Kumfar rigar Sarki ta tashi fuu. Ya ce, "Ni? Ni da na ɗanɗani abin da ke ƙarƙashin teku da abin da ke bayan gajimare, hatsin 'yan tudu ne zai buɗe mini baki? Ɗora tukunyarki!"

Ta sa aka ɗauko tulu daga jirgi, ta fasa lakar. Garin dawa ne, da kuka, da barkono, da 'yar kwalbar man shanu, da wani ƙulli a tsumma. Ƙullin daddawa ce, ta ƙarshe da Inna ta yi da hannunta kafin ta kwanta. Tasalla ta kafa duwatsu uku a bakin fada, ta ɗebo ruwan marmaro, ta hura wuta da ɓawon kwakwa. Ta tuƙa tuwo har damtsenta ya yi tsami, ta kwashe. Ta daka daddawa ta zuba, ta kaɗa kuka ba gudaji ko ɗaya. Da ƙamshi ya tashi, aljanun da ke tsaye suka fara toshe hanci, daga baya suka saki, daga baya kuma suka fara matsowa.

Sarki ya sauko ya zauna a kan tabarma, karo na farko tun da aka saƙa ta. Ya dubi miyar ya yatsina fuska. "Wannan koriyar laka ce abincin?"

"Ita ce, ranka ya daɗe. A yanko da hannu, a dangwala."

Ya yanka ya kai baki. Ya haɗiye. Ya sake. Ya sake. Tasalla na durƙushe a gefe, idonta a kan ƙafarsa. Ta ga babban yatsa ya fara kaɗawa. Ya ji, ya take shi da ɗaya ƙafar. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya ci gaba da ci, baki a rufe gam tsakanin loma da loma, har tuwo ya yi rabi. In ya cinye shiru, roƙonta ya tafi a banza, ubanta ya dawwama da ƙwarya a ka.

Sai ta ɗauko kwalbar nan, wadda ta ajiye kusa da wuta. Ta ce, "Af, na yi mantuwa." Ta tsiyaya man shanu a tsakiyar miyar. Ya narke ya bazu, ya haɗu da daddawa.

Sarki ya yanko ƙatuwar loma ya dulmiya a wurin. Ya kai baki. Idanunsa suka lumshe, kafaɗunsa suka sauka, kansa ya fara rangaji. Ya juya wajen Jakadiya, murya a sanyaye, ya ce, "Wai ni, Jakadiya, yaushe za a haƙa mana rijiya a tsakiyar tekun nan?"

Tasalla ta miƙe tsaye. Ta ce, "Santi."

Sarki ya buɗe ido. Lomar da ke hannunsa ta faɗi. "Ba santi ba ne! Shawara ce ta mulki!"

Tasalla ba ta dube shi ba. "Jakadiya?"

Jakadiya ta sunkuyar da kai, wurin wuyanta na kaɗawa. Ta ce, "Rijiya a cikin teku. Ya ci, ya yi. Teku ta ji."

Tabarma ta kama shi, ya yunƙura ya kasa tashi. Nan fa murya ta sauya. Ya ce, "Ya ke 'yar girma, 'yar sarkin jirgi, ki sassauta. Na ba ki ubanki. Na ba ki duk wanda ke ruwan nan. Na ba ki tsibiran da abin da ke cikinsu."

"Waɗannan ba kyautarka ba ce yanzu. In ka faɗi, igiyarsu ta tsinke da kanta. Abu guda zan tambaye ka. In kana da shi, ka tashi."

"Faɗi! Ko mene ne!"

"Matar da ta yi daddawar nan da ka ci. Ta zauna a bakin ruwa tana jiran mijinta har ta bushe. Dawo mini da ita."

Sarki ya dubi sauran miyar. Ya ce, "Wannan ba ya hannun aljani."

"To kai ma tashinka ba ya hannuna."

Ta tsuguna daidai fuskarsa, ta yi magana a hankali don harshenta na zafi. "Ka zama kaguwa, 'yar mitsitsiya, wadda yaro zai take bai sani ba. Ka yi tafiya a karkace, don ba ka taɓa zuwa wa baƙo ta gaba ba. Na bar maka abu guda, ɗanɗanon lomar nan ta ƙarshe. Ya zauna a bakinka, kada ya gushe. Ka neme shi."

Rigar kumfa ta narke. Lu'ulu'un gemu suka watse a ƙasa. Daga tsakiyar tabarma wata 'yar kaguwa ta fito a guje, a karkace, ta nufi rairayi. Tana isa ta ɗebi yashi ta kai baki, ta mulmula shi, ta ji ba shi ba ne, ta yar. Ta sake ɗiba. Masu zuwa bakin teku sun ce har yau in ruwa ya janye za ka ga rairayi cike da 'yan ƙananan lomomi, an mulmula an yar, an mulmula an yar.

Sai ruwan gaɓa ya kama tafasa. Inda kifi yake sai ga mutum ya miƙe, inda kififiya take sai ga tsohuwa tana lalube. Attajirai, matuƙa, fatake, wasu da tufafin da aka daina ɗinkawa tun zamanin kakanni, suka yi ta fitowa suna tari suna salati. Jakadiya ta sa aka fito musu da jiragensu daga inda aka ɓoye. Ta naɗe tabarmar ta miƙa wa Tasalla. Tasalla ta cusa ta cikin sauran wutar murhu, ta tsaya har ta zama toka.

Barmo ne ya fito a ƙarshe, gashinsa ya yi fari, yana takawa kamar mai koyon tafiya. Tasalla ta warware ɗankwalinta ta naɗa masa a ka kafin ya ƙaraso cikin mutane. Bai kira sunanta ba, don 'yar fari ce, bai taɓa kira ba. Ya ce, "'Yar nan, ke ce?"

"Ni ce, Baba."

Ya dubi bayanta, ya dubi jirgi. "Ita fa?"

Tasalla ta girgiza kai. Barmo ya tsaya ruwa na dukan ƙafafunsa, bakinsa na motsi da addu'a, ya daɗe bai ɗago ba.

Suka shiga Shamuwa. Iska ta cika zane mai facin mayafi, tsibiran suka fara dushewa a bayansu. Ruwan ya yi shiru, ba mai tsalle, ba mai rawa. Tasalla ta jawo tukunya, ta zuba masa sauran tuwon da miyar. Ya yanka ya kai baki. Ya gane daddawar. Hawaye suka gangaro ta cikin tsagar kumatunsa. Leɓunansa suka motsa, sai ya firgita, ya kai tafin hannu ya toshe bakinsa, idanunsa a zare.

Tasalla ta saki itacen tuƙi, ta cire masa hannun daga baki. Ta ce, "Jirginka ne, Baba. Yi santinka."

Ya tauna a hankali, ya haɗiye. Ya dubi teku. Can ya ce, "'Yar nan, wai akuyar nan tamu ta haihu kuwa?"

Ta koma ta kama itacen tuƙi, ta juya hancin Shamuwa wajen tudu.

Ta ce, "Ta haihu, Baba. Ci tuwonka."